BABI NA UKU: TARIHI DA ƘIRAR INJIN MARSANDI NA ZURIYAR OM 300 A KAN HANYAR JIBIYA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan garin Jibiya da kasuwarsa da kuma matsayinsa na ƙofar shiga Jamhuriyar Nijar daga Jihar Katsina. A wannan babi kuwa za a juya ne ga abin da yake ɗaukar kayan da ake hada-hadarsu, wato mota, kuma a cikin motar ma za a taƙaita ne ga inji. An zaɓi zuriyar injin gas ta kamfanin Mercedes-Benz wadda ake kira OM 300, musamman ɗanta mai lamba OM 352, domin shi ne ya fi yawa a cikin motocin ɗaukar kaya masu gajeren hanci waɗanda jama'a suka fi sani da Marsandi 911. Tambayar da babin yake son amsawa ita ce, me ya sa injin da aka fito da shi tun 1964, wanda ƙasar da ta haife shi ta daɗe da yi masa ritaya, har yanzu ake sauke shi a gyara a mayar da shi bakin aiki a wannan yanki? Sau da yawa amsar da ake bayarwa ita ce rashin kuɗin sayen sabo. Wannan gaskiya ne, amma a ganin mai wannan nazari bai wadatar ba, domin kuwa akwai injuna da yawa sa'o'insa da suka shigo ƙasar nan suka mutu ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Sauran amsar tana cikin ƙirar injin kanta.

Kafin a ci gaba ya kamata a fayyace wata kalma. A bakin direbobi da makanikai na Nijeriya, idan aka ce gas ko man gas ana nufin man dizal ne, ba iskar da ake girki da ita ba. Takwarorinsu na Nijar kuwa gazuwal suke cewa, wadda suka aro daga Faransanci. A nan za a riƙa amfani da kalmar gas.

3.1 Hanyar da Motocinta

Daga Katsina zuwa Jibiya kimanin kilomita 45 ne. A Magama, kusa da Jibiya, hanya ta rabu ta nufi arewa, ta tsallaka iyaka ta bi ta Ɗan Isa ta shiga Maraɗi, kuma tafiyar gaba ɗaya daga Katsina zuwa Maraɗi ba ta wuce kilomita 100 ba. Hanyar gajera ce, amma tsohuwa ce a fatauci. Tun bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗar ƙasar Maraɗi ta riƙa gangarowa ta wannan ɓangare domin ta sami jirgin da zai kai ta bakin teku, da fari a kan raƙuma da jakuna, daga baya a cikin motoci. Bayan da kasuwar gyaɗa ta faɗi a shekarun 1970 sai wasu kaya suka maye gurbinta. Daga Nijar ana shigo da dabbobi da wake da aya, daga Nijeriya kuma ana fita da masara da gero da siminti da kayan masarufi. A da akwai kuma kayan da ake saukewa a Kwatano a hau da su Maraɗi sannan a juyo da su Nijeriya, kamar shinkafa da gwanjo, waɗanda yawancinsu ta ɓarauniyar hanya suke shigowa.

Motocin farko da suka yi wannan aiki galibi ƙirar Ingila ne, irin su Bedford da Austin, masu sitiyari a dama. A wancan zamani direban da ya tsallaka iyaka sai ya sauya hannu, domin Nijeriya tana tuƙi a hagu kamar Ingila, Nijar kuwa a dama kamar Faransa. Sai a watan Afrilu na 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, abin da ya sa motocin Jamus da na Faransa masu sitiyari a hagu suka zama su ne daidai da hanyoyin ƙasashen biyu.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, motar wannan yanki ba kwalta kaɗai take bi ba. Tana sauka ta shiga kasuwannin ƙauye ta hanyar burji da rairayi, tana shan ƙurar hunturu da zafin bazara wanda yakan haura digiri 40, tana kuma shan man da ba koyaushe ake sanin asalinsa ba. Da waɗannan abubuwa uku, wato ƙura da zafi da mai, za a auna injin a sassan da suke tafe.

3.2 Yadda Injin Gas Yake Aiki

Wani injiniya Bajamushe mai suna Rudolf Diesel shi ne ya ƙirƙiro wannan nau'in inji, kuma na farko da ya yi aiki sosai an gwada shi a garin Augsburg a 1897. Bambancinsa da injin fetur shi ne ba shi da kafireto, ba shi da fulogi. Fistin yakan sauka ya zuƙo iska zalla cikin silinda, sannan ya hau ya matse ta ƙwarai har ta yi zafin da ya wuce digiri 500. A daidai wannan lokaci sai nozul ya fesa mai, shi kuwa man da ya haɗu da iska mai wannan zafi sai ya kama da wuta da kansa ya tura fistin ƙasa da ƙarfi. Daga nan fistin ya sake hawa ya kori hayaƙi waje. Ke nan matsi shi ne ashanar injin gas. Wannan ne ya sa idan ringi ya cinye, matsi ya ragu, injin yakan ƙi tashi da safe ko da batir sabo ne.

Injunan Diesel na farko manya ne na masana'antu da jiragen ruwa, ba sa shiga mota. Abubuwa biyu suka sa aka iya ƙanƙanta su. Na farko, a 1909 wani injiniyan kamfanin Benz mai suna Prosper L'Orange ya ƙirƙiro wani ɗan ƙaramin ɗaki a saman silinda inda ake fara fesa mai ya kama wuta, sannan wutar ta kwararo cikin silinda. Na biyu, a 1927 kamfanin Bosch ya fara ƙera famfon mai da yawa domin sayarwa, famfon da yake iya auna ɗan digon mai ya tura shi a daidai lokacin da ake bukata. Wannan famfo shi ne makanikanmu suke kira injekta. Tsakanin waɗannan shekaru biyu, a 1923, kamfanin Benz ya fito da motar ɗaukar kaya mai injin gas, kuma a 1926 ya haɗe da kamfanin Daimler suka zama Daimler-Benz.

3.3 Asalin Zuriyar

Haruffan OM taƙaitawa ce ta wata kalmar Jamusanci mai nufin inji mai shan mai mai nauyi, kuma da su kamfanin yake fara lambar kowane injin gas nasa. Kakan zuriyar da ake magana a kanta shi ne OM 312, wanda aka fito da shi a 1949 a masana'antar kamfanin da ke Mannheim, shekara huɗu kacal bayan ƙare Yaƙin Duniya na Biyu. Yana da silinda shida a jere. Faɗin kowace silinda milimita 90 ne, tsawon tafiyar fistin daga sama zuwa ƙasa milimita 120, jimillar cikin silindodin lita 4.58, ƙarfinsa kuma doki 90. Yana amfani da ɗan ɗakin nan na L'Orange. Wannan inji ya yi tafiya mai nisa tun yana sabo, domin a 1954 kamfanin Tata na Indiya ya ƙulla yarjejeniya da Daimler-Benz ya fara ƙera motocin Marsandi a can, yarjejeniyar da ta kai har 1969.

Daga nan kamfanin bai sake sabon gini ba, faɗaɗa tsohon ya riƙa yi. A tsakiyar shekarun 1950 aka faɗaɗa silinda zuwa milimita 95 aka sami OM 321 mai lita 5.1 da doki 110. A 1959 aka kai faɗin milimita 97, aka tsawaita tafiyar fistin zuwa milimita 128, aka sami OM 322 mai lita 5.675 da doki 126.

A wannan shekara ta 1959 ce kuma aka fito da motar mai gajeren hanci. Dalilin wannan siffa tata ba ado ba ne. A shekarun 1950 ministan sufuri na Jamus ta Yamma, Hans-Christoph Seebohm, ya kawo dokokin da suka taƙaita tsawo da nauyin manyan motoci domin a kare kasuwar jirgin ƙasa. Tun da an ƙayyade tsawon mota, duk abin da hanci ya ci an rage shi ne daga wurin kaya, saboda haka sai aka tura rabin injin cikin gidan direba aka gajarta hancin. Abin lura a nan shi ne, dokar da aka yi domin hanyoyin Jamus ita ce ta samar da fuskar motar da yaro a tashar Jibiya yake ganewa tun daga nesa. Gajeren hancin ya kuma yi wa makanikai rana, domin ana ɗaga bonet a kai ga yawancin sassan injin ba tare da an kifar da gidan direba ba.

Lambar 911 kuwa ta samo asali ne a 1963, lokacin da kamfanin ya sauya tsarin sanya wa motocinsa suna. Lambar farko tana nuna nauyin mota da kayanta a tan, biyun ƙarshe kuma ƙarfin inji idan aka ƙara musu sifili. Ke nan 911 tan 9 ce da doki 110, 1113 kuma tan 11 da doki kimanin 130. Daga baya an ƙara wa injin 911 ƙarfi ya kai doki 130 amma sunan bai sauya ba. Ya kamata a jaddada cewa tan 9 ɗin nan har da nauyin motar kanta, don haka abin da ya rage wa kaya bai wuce kimanin tan 5 ba, wato buhu 50 na hatsi mai kilo 100. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin lodi ranar kasuwa ya san ba a nan ake tsayawa ba.

3.4 Injin OM 352

A 1964 aka yi sauyin da ya fi kowane muhimmanci a tarihin zuriyar. An bar girman silinda yadda yake a OM 322, wato milimita 97 da 128 da lita 5.675, amma aka cire ɗan ɗakin saman silinda. Maimakonsa sai aka fafe kan fistin aka yi masa rami, nozul kuma yana fesa mai kai tsaye cikin wannan rami ta wasu 'yan ƙananan ƙofofi. Wannan shi ne OM 352. Ya fara da doki 126, daga baya ya kai 130 a juyi 2,800 cikin minti ɗaya. Yana matse iska zuwa kimanin kashi ɗaya cikin 17 na girmanta, nozul ɗinsa kuma yana buɗewa ne idan matsin mai ya kai kimanin ninki 200 na matsin iskar sarari. Silindodin ba sa kama wuta bi da bi daga ta ɗaya zuwa ta shida. Tsarinsu shi ne 1, 5, 3, 6, 2, 4, domin nauyin bugu ya rarrabu a kan karanshaf. Wannan jeri yana daga cikin abubuwan farko da yaron gareji yake haddacewa.

Fesa mai kai tsaye ya kawo amfani biyu. Na farko, injin ya rage shan mai, domin a tsohon tsari wani ɓangare na zafi yana ɓacewa a bangon ɗan ɗakin da kuma ƙofarsa. Na biyu, ya fi saurin tashi. Tsohon tsari yana bukatar hita ta ɗumama ɗakin kafin a tayar da inji, shi kuwa OM 352 a yanayi irin namu da zarar ya juya sai ya kama, ko da sanyin asubahin hunturu. Abin da aka biya a madadin haka shi ne ƙara, domin ƙunar tana zuwa ne gaba ɗaya, shi ya sa ake jin wannan ƙwanƙwasa mai kauri da aka san shi da ita.

Idan aka duba sauran sassansa za a ga cewa komai an yi shi ne da sauƙi da kauri. Gangar jikin injin da murfin silinda, wanda makanikai suke kira tof, duka na zubin ƙarfe ne. Karanshaf yana kwance a kan mazaunai bakwai, wato kowace silinda tana da madogara a gabanta da bayanta. Kowace silinda bawul biyu gare ta, ɗaya na shigar iska ɗaya na fitar hayaƙi. Kamshaf yana cikin gangar jiki, kuma haƙoran ƙarfe ne suke juya shi, ba bel ba, saboda haka babu fargabar tsinkewar bel a tsakiyar daji. Injekta irin ta Bosch ce mai famfo shida a jere, kowace silinda da nata, da kuma gwamna mai aiki da nauyin ƙarfe da sifirin wanda yake hana injin wuce iyakar gudunsa. Babu wani abu a cikin wannan tsari da yake bukatar lantarki. Batir aikinsa tayarwa ne da fitilu kawai. Da zarar injin ya tashi, ko an cire batirin zai ci gaba da aiki, ba ya kuma mutuwa sai an datse masa mai. Wannan ne dalilin da ya sa direban da batirinsa ya yi sanyi yakan nemi gangare ya ajiye motarsa, ko yaran mota da 'yan kamasho su taru su tura.

Sai dai a ganin mai wannan nazari, babban sirrin daɗewar wannan inji yana cikin wani ɗan lissafi. Idan aka raba doki 130 da lita 5.675 za a sami kimanin doki 23 a kowace lita. Injunan gas na manyan motocin zamani sukan fitar da ninkin wannan ko kusa da haka. Ma'ana, OM 352 ƙato ne da aka ɗora wa kayan yaro. Zafin da fistin da bawul da gasket suke ɗauka bai kai iyakar abin da ƙarfensu zai iya jurewa ba, kuma wannan rarar da injiniyoyin suka bari ita ce masu motoci a nan suke ci idan suka yi lodin da ya wuce ƙa'ida. Ba domin lodin Jibiya aka bar rarar ba, amma ita ce ta sa injin yake kai kayan ya dawo.

Injin yana da 'yan'uwa. OM 314 shi ne shi ɗin dai aka rage masa silinda biyu, ya zama mai huɗu da lita 3.78 da doki 80 zuwa 85, kuma shi ne a cikin ƙananan motoci irin su 608. Da yake faɗin silindarsu ɗaya ne, sassa da dama suna shiga juna. OM 352 A kuma shi ne wanda aka sanya wa tobo, wato wata fanka da hayaƙin salansa yake juyawa tana cusa ƙarin iska cikin silinda, abin da ya kai ƙarfinsa kimanin doki 168. Kada a haɗa waɗannan da injin manyan Marsandi masu jan tirela irin su 1924 da 2624. Nasu OM 355 ne mai lita 11.6 da doki 240, kuma gidansu daban ne ko da yake lambar ta yi kama.

3.5 Shigowarsa Nijeriya

Motocin Marsandi sun fara shigowa ne ta hannun kamfanonin dillanci, amma yawaitarsu ta zo ne da arzikin man fetur na shekarun 1970, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta shiga haɗin gwiwa da kamfanonin Turai domin harhaɗa motoci a cikin gida. A wannan tsari ne aka sami Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Legas da Leyland a Ibadan da Steyr a Bauci da Fiat a Kano. Rabon Daimler-Benz shi ne kamfanin ANAMMCO da ke Emene kusa da Inugu, wanda aka kafa a 1977 aka kuma buɗe a 1980. A Legas an ɗora wa 911 bodin fasinja ta zama molue, a Arewa kuwa bodin katako ko na ƙarfe aka fi ɗora mata domin buhuna da dabbobi, wasu kuma aka mayar da su tifa ko tankar ruwa.

A Jamus an daina sayar da mai gajeren hanci a kasuwar gida a shekarun 1970, amma an ci gaba da ƙera ta domin fitarwa waje har zuwa tsakiyar shekarun 1990. An kuma ƙera ta da injinta a Barazil da Ajantina da Iran. Wannan yaɗuwa tana da muhimmanci ga mai mota a Jibiya, domin ita ce ta sa kamfanoni da yawa a ƙasashe daban-daban suka shiga yin kayan gyaransa. Bayan da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari yawancin masu sufuri, sai aka koma ga gyaran tsohuwa da kuma sayen injunan gwanjo daga Turai, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam, a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano.

3.6 Injin a Hannun Direbobi da Makanikai

Matsala ta farko ita ce mai. A garin kan iyaka mai haja ce ta fasa-ƙwauri, kuma matakan da gwamnati take ɗauka a kansa sukan shafi mazauna garin kafin su shafi masu laifin. Alal misali, a watan Nuwamba na 2019 an hana kai mai gidajen man da suke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, kuma Jibiya tana cikin wannan zango. Duk lokacin da gidan mai ya rufe, jarka ce take buɗewa, man jarka kuwa yakan zo da ruwa ko ƙasa ko haɗin kananzir. OM 352 yana shan irin wannan mai ya tafi, amma ba a banza ba. Man gas shi ne yake shafe 'yan sandunan ƙarfen da suke cikin injekta, kananzir kuwa ba shi da wannan santsi, saboda haka a hankali sukan cinye. Idan filta ta toshe ko iska ta shiga layin mai, akwai ɗan famfon hannu a jikin injekta wanda yaron mota yake bugawa a kwance nozul a fitar da iskar, aikin da sifana ɗaya ko biyu suke isa.

Akwai kuma batun farar wuta da take cikin man. Shekara da shekaru ƙa'idar Nijeriya ta yarda da gas mai farar wuta har kashi 3,000 cikin miliyan, alhali a Turai tun 2009 ba a wuce kashi 10. Injunan zamani masu matatar hayaƙi ba sa jure wannan. Tsohon inji ba shi da matatar da za ta toshe. Illar da yake gani ita ce farar wutar takan koma ruwa mai cin ƙarfe a cikin baƙin mai, maganinta kuma shi ne juye baƙin mai a kan kari. A 2020 ƙasashen ƙungiyar ECOWAS suka amince da rage ta zuwa kashi 50.

Matsala ta biyu ƙura ce. Iskar da injin yake zuƙa idan ba a tace ta ba takan zama kamar sanfefa a tsakanin ringi da silinda. Da yawa daga cikin tsofaffin motocin suna da matatar iska mai ɗan kwano na baƙin mai a ƙasa, wadda ba a saye sabuwa, wanke ta ake yi a zuba sabon mai. Idan silinda ta riga ta cinye, akan sauke injin a kai shi wurin masu injin fafa a faɗaɗa ta a sa fistin mai girma, ko a dasa mata sabuwar riga a mayar da ita girmanta na asali. Kaurin gangar jikin shi ne yake ba da damar a maimaita haka.

Ba kowace dabara ta gareji ce abin yabo ba, kuma ya kamata a faɗi haka. Akwai al'adar cire tamostat da sunan wai ƙasarmu da zafi. Wannan yakan sa injin ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba da safe, ya ƙara shan mai da cin silinda, kuma ba ya maganin lagireton da ruwan rijiya ya toshe da kanwa, wanda sau da yawa shi ne ainihin ciwon. Haka nan akwai al'adar buɗe injekta a ƙara mata mai domin mota ta ja lodi. Inji marar tobo iskar da yake zuƙa ƙayyadajjiya ce, saboda haka man da ya wuce abin da iskar za ta ƙone baƙin hayaƙi yake zama. Direba yana ƙona kuɗinsa, yana gasa kan fistin, mai talla a bakin hanya kuma yana shaƙar sauran.

Wani abin da ya dace da halin kan iyaka shi ne jure zama. An rufe iyakar daga watan Afrilu na 1984 zuwa Maris na 1986. An sake rufe ta a watan Agusta na 2019, kuma ko da aka buɗe wasu iyakoki a Disamba na 2020 ba a buɗe ta Jibiya ba sai a Afrilu na 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli na 2023 an sake rufewa har zuwa Maris na 2024. Mai motar da ya ci bashi ya sayi sabuwa, irin wannan zama yana iya karya shi. Mai tsohuwar Marsandi kuwa ya daɗe da fanshe kuɗinsa, yana iya jingine ta ko ya koma jigilar yashi da itace da kasuwannin ƙauye. Daɗin daɗawa, a shekarun da hare-haren 'yan bindiga suka yawaita a yankin, lalacewar mota a daji ta wuce batun asarar lokaci, don haka injin da direba da yaronsa za su iya tayarwa da hannunsu yana da wata daraja da ba ta cikin takardar kamfani.

3.7 Magadansa

A 1984 kamfanin ya fito da OM 366, mai faɗin silinda milimita 97.5 da tafiyar fistin milimita 133 da lita 5.958. Marar tobo yana ba da doki 136, mai tobo 170, wanda aka ƙara wa na'urar sanyaya iska kuma ya haura 200. Ƙanensa mai silinda huɗu shi ne OM 364. Har yanzu gida ɗaya ne da OM 352, injektarsa ta ƙarfe ce, kuma makaniken da ya iya wancan ba ya shan wahala da wannan, shi ya sa akan ɗauke shi a dasa a tsohuwar mota.

Rabuwar hanya ta zo ne daga 1996 da zuriyar OM 900, wato OM 904 mai silinda huɗu da OM 906 mai shida. A cikinsu kowace silinda tana da famfonta daban, kuma kwamfuta ce take yanke lokacin fesa mai da yawansa. Sun fi ƙarfi, sun fi tsimin mai, hayaƙinsu kuma ya fi tsabta nesa ba kusa ba. Amma idan suka tsaya, kunne da sifana ba sa gano ciwon sai an jona na'ura, kuma ba sa tafiya ba tare da lantarki ba. A dogon zango kuwa, tireloli ƙirar DAF da MAN da na ƙasar Sin sun karɓe yawancin manyan kaya, ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairu na 2021, wanda aka tsara zai ratsa ta Katsina da Jibiya. Saboda haka filin da ya rage wa OM 352 shi ne gajeren zango da hanyar da babu kwalta. Wanda motarsa ta ruɓe kuma ba lallai ne ya tafi bola ba, akan ɗora shi a kan dakali ya ja janareto ko injin niƙa ko famfon ban-ruwa.

Akwai sassa biyu da makanikan gida ba sa iya ƙerawa ko fafewa, wato bakin nozul da 'yan sandunan cikin injekta, domin tazarar da take tsakanin ƙarfe da ƙarfe a cikinsu ba ta wuce 'yan kaso kaɗan cikin dubu na milimita ba. Waɗannan dole a shigo da su daga waje, kuma farashinsu yana bin canjin kuɗi. Gyaran injekta da saita ta sana'a ce mai zaman kanta da take bukatar teburin gwaji, don haka sau da yawa makaniken bakin tasha yakan kwance ta ne kawai ya aika da ita birni. Yadda aka raba aiki tsakanin waɗannan rukunoni na makanikai, da yadda yaro yake koyon kowanne, shi ne abin da babi na huɗu zai duba.